Ƙurajen Febi Mai Ƙuli-ƙuli

A ƙauyen su Febi, can gabas da Tchaké, ba a taɓa gina ko ɗakin shan magani ba, amma wannan bai hana garin cika da likitoci ba. Duk mai ido biyu da baki ɗaya likitan fuskar Febi ne. Tana 'yar shekara goma sha uku ƙuraje suka yi mata sallama a goshi, suka ga wuri ya karɓe su, suka aika wa 'yan uwansu su zo su kama kumatu da haɓa. Yau shekarunta talatin da huɗu, da miji da 'ya'ya uku, baƙin nan kuwa ko takalmansu ba su fara nema ba. Ga kuma maiƙo. In ta wanke fuska da sassafe, kafin hantsi ya ɗaga goshinta ya ɗauki ƙyalli, har masu ɗiban ruwa a rijiya su san ita ce ke tafe.

Sai kuma Allah ya haɗa ta da sana'ar da ta fi kowace sana'a rashin dacewa da mai irin wannan fuska: man gyaɗa take fitarwa, ta toya ƙuli-ƙuli. Ba zaɓa ta yi ba, a ciki ta buɗe ido. Mahaifiyarta Magdalena, wadda yaro da babba ke kira Inna, ta yi shekara arba'in a bakin turmi, kuma da turmin nan ta raini 'ya'ya shida bayan rasuwar mijinta Zakariya. Yanzu kafaɗun Inna sun ƙi. Tana iya sheƙe gyaɗa a faifai, tana iya mulmula ƙuli, tana iya ba da umarni fiye da da, amma juya tunkuza da taɓarya ya fi ƙarfinta. Saboda haka kowace safiya Febi kan fito daga gidan mijinta, ta ratsa ta bayan majami'a, ta shiga gidan Inna. Ta soya gyaɗa, ta murje, ta kai inji, ta dawo ta zuba a turmi, tana ɗiga ruwan zafi tana juyawa har mai ya taso. Cikin 'ya'yan Inna ita kaɗai ta tsaya a kan aikin. Ranar da ta ajiye taɓarya, wutar gidan nan ta mutu ke nan, kuma su biyun sun san haka.

Da ƙurajen suka fara, an ce na girma ne, za su wuce. Ta girma, ba su wuce ba. Sai matan zumunta na majami'a, waɗanda ba a taɓa kawo musu ciwon da suka ce ba su san shi ba, suka zauna bayan sujadar Lahadi suka gano cewa aure ne maganin. Febi ta auri Barnaba, manomin gero, mai kaɗa ganga a majami'a, mutum mai haƙuri da son abinci. Ranar ɗaurin auren wani ƙurji ya fito mata a kan hanci, ja wur, har ya fi amaryar fitowa a hoto. Matan zumunta ba su ji kunya ba, don ba a san su da ita ba. Suka ce ai ba auren kansa suke nufi ba, haihuwa suke nufi. Ta haihu sau uku. Daga nan suka ce jini ne ya yi mata yawa, aka kira wanzami ya kafa mata ƙaho a ƙeya, ya cire jinin da ya samu, ya tafi gida da zakara.

Ta shafa toka da lemun tsami har idonta ya yi ruwa. Ta dirje fuskar da soso da sabulun salo sau biyar a yini, don an ce datti ne, ita da ta fi duk masu faɗin hakan wanka. Ta matse na matsewa a gaban wani guntun madubi, kowanne ya bar mata baƙin tabo. Akwai shekarar da wani mai tebur a kasuwar Kanan-Bakashe ya sayar mata da wani man shafawa, ya rantse cewa matan manya a Maradi ba su da sirrin da ya wuce shi. Wata guda fuskarta ta yi fari ta yi sumul, kunnuwa da wuya suka tsaya a launinsu na gado, har Barnaba ya fara yi mata magana da ladabi kamar baƙuwa. Da man ya ƙare, ƙurajen suka dawo tare da wasu da ba ta taɓa gani ba, fatar kuma ta riƙa yi mata zafi duk sa'ad da rana ta taɓa ta.

A ƙarshe dai likitocin gari suka haɗu a kan magana ɗaya, abin da ba su taɓa yi ba ko a kan ranar shuka: gyaɗa ce. Mai cin gyaɗa, mai wuni cikin gyaɗa, ta ina man zai bi ya fita in ba ta fuska ba? Febi ta yarda, don maganar ta yi kama da hankali. Shekara goma sha ɗaya ba ta sa ƙwayar gyaɗa a bakinta ba. Miyarta daban ake yi, ba mai, ba tunkuza. Mai toya ƙulin da ake yabo har Mayahi ba ta san ɗanɗanon ƙulinta ba. Barnaba ne ya sadaukar da kansa ya ɗauki aikin ɗanɗana gishiri, kuma ya riƙe aikin da amana, bai taɓa fashi ba ko yana zazzaɓi. A shekarun nan shi ya yi ƙiba, ita kuma ƙurajenta suna nan yadda suke.

Da abin ya tsaya a gida da sauƙi. Amma ranar kasuwar Mayahi Febi kan jera butalan manta, wato kwalabe, a rumfa ɗaya da wata A'i, ita ma mai man gyaɗa, mace mai fuska sumul da baki mai zaƙi. A'i ba ta taɓa kushe man Febi ba, Allah ya sani. Addu'a kawai take yi mata, sai dai addu'ar tana da lokacin zuwa: daidai sa'ad da wata matar ma'aikaci ta tsaya da 'yarta budurwa, ta ɗaga butalin Febi tana dubawa a rana.

"Sannu ƙawata," A'i za ta ce, da muryar da ake ji har layin masu tattasai. "Allah dai shi ba ki lahiyar huskar nan. Man ga naki akwai ƙarhi, walle."

Matar sai ta dubi fuskar Febi, ta dubi ta 'yarta, ta ajiye butalin a hankali, ta ce bari ta zagaya ta dawo. Zagayen ba ya wuce taku biyu, a gaban A'i yake ƙarewa. Febi ba ta iya cacar baki ba, kuma ko ta iya me za ta ce? Shaidar tana manne a fuskarta. Ta fara jan kallabi har gira, ta koma zama a bayan butalai kanta a sunkuye, masu saye kuma suka riƙa wuce ta don ba ta ɗagowa ta kira su. Kaka biyu a jere tana komawa gida a amalanke da rabin kayan da ta zo da su.

Barnaba ne ya fara furtawa, bayan an gama ɗaure gero.

"Febi, ki bar sana'ar ga. Ko ba ki ci ba, kina shaƙar hayaƙinta. Ki yi kiwon awaki kamar sauran mata, huskarki ta huta."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, har muryarsa ta yi nauyi, don ya san abin da shi ma zai rasa. Matan zumunta suka ce ai su tuni suka hango haka. Febi ta yanke cewa za ta yi aikin Kirsimeti, lokacin da kowane gida ke neman mai, daga nan ta ajiye taɓarya. A tsaye ta gaya wa Inna, idonta a kan turmi. Inna ta ci gaba da sheƙe gyaɗarta kamar ba ta ji ba. Can ta ce, "To. In kin gama ki kihe turmin, kada kaji su maida shi ɗaki." 

Maganar ta yi wa Febi zafi fiye da zagi. Gaskiyar ita ce tana son aikin. Tana son lokacin nan da tunkuza ke yin nauyi a hannu har ka ce ba abin da zai fito, sai ka ga mai ya fara tsattsafowa ta gefe ya kwanta a sama, mai ƙamshi. Tana son zama da Inna, har da faɗan. Amma ta gaji da zama abin nuni, ta gaji ƙwarai, kuma takan yi kuka a kan haka a inda ba mai ganinta.

Saura mako uku Kirsimeti, sai Madam Zulaihatu ta shigo garin a kan babur. Ma'aikaciyar jinya ce daga Mayahi, ta zo yi wa jarirai allurar rigakafi a inuwar dogon yaron ƙofar maigari. Tana cikin 'yan tsirarun da har yanzu ke sayen man Febi a kasuwa, don ita man take dubawa, ba mai sayarwa ba. Da ta gama allura ta tambayi gidan, ta shigo da bidonta, 'yar jarkar zuba mai, daidai lokacin da ake kwashe man ƙarshe daga turmi. Aka ba ta kujera, aka ce ta ɗan jira.

A nan ta ga abin da ba wanda ya taɓa ambata wa kowa, don ba wanda ya ɗauke shi wani abu. Febi ta gama matse tunkuza, hannuwanta sharkaf da mai har gwiwar hannu. Ta matso gaban Inna ta durƙusa. Inna ta sharce man da tafukanta, ta shafa a ƙafafunta da suka faffashe, sannan ta kama fuskar 'yarta da hannu biyu ta shafe ta tsaf, goshi, kumatu, haɓa, har bayan kunne, tana cewa Ubangiji ya sa albarka. Febi ta miƙe tana ƙyalli ta nufi murhu za ta fara suya.

"Inna," in ji Madam Zulaihatu, "wanga da kunka yi yanzu, kullum ne?"

"Wanne?"

"Shafa mata mai ga huska."

Inna ta yi mata duban wanda aka tambaya ko kullum yake shan ruwa. "Ɗiyata, mai ne. Zubar da shi za mu yi? Uwata ba ta taɓa wanke hannun mai ƙasa ta shanye ba, ni ma haka. Abin da ya saura ga hannu rabon jiki ne. Tun yarinyar ga tana goye nike shafa mata."

Madam Zulaihatu ta juya ga Febi. "Sau nawa ga yini?"

"In aiki ya yi yawa, sau ukku, Madam."

"Sannan ki tahi bakin wuta."

"E."

"In kin koma gida ki dirje da soso."

"E."

"Amma gyaɗa ba ki ci."

"Shekara sha ɗaya," in ji Febi, da ɗan alfahari, don shi ne abu guda da ta tabbata ta yi daidai.

Madam Zulaihatu ta nemi inda za ta ɓoye dariya kada ta kuɓuce mata a gaban tsohuwa. Sannan ta ajiye bidon ta yi bayani a hankali. Ta ce fatar mutum tana da 'yan ƙofofi ƙanana da take fitar da nata man da kanta. Wasu nasu kaɗan ne, wasu da yawa, gado ne, ba datti ba ne, ba kuma yawan jini ba. In ƙofofin suka toshe da maiƙo da matacciyar fata, sai wurin ya kumbura ya zama ƙurji. Shi ya sa suke ƙaruwa gab da al'ada, sa'ad da jiki ke ƙara fitar da maiƙon. Dirza da soso tsokanar fata ne, matsa shi ke barin tabo, man nan mai sa fari kuwa ya fi su duka ɓarna.

"Bon, Febi, taki fatar ta riga ta ƙoshi da mai. Ke kuma kullum kina ƙara mata, ki kai ta bakin wuta da zufa. Gyaɗar da kinka bari ba ita ce ba, ki ci abinki. In kin gama aiki ki wanke hannu da sabulu. Huska kuma sau biyu ga yini, da hannu kawai, ba soso. Ran kasuwa ki biyo wurina in duba ki, akwai maganin da za shi taimaka. Ba ni ce miki za su ɓace duka. Amma za su ragu, in kin yi haƙurin wata biyu ko ukku."

Inna ta ajiye faifai. "Shekara sittin nike shafa man ga. Duba huskata ki gwada mini ƙurji guda."

"Taki busassa ce, Inna, ita tana so. Baban Febi, yaya tashi take?"

 Duk garin ya san goshin marigayi Zakariya, wanda in ya tashi karatu a majami'a na bencin baya ma suna ganin ƙyallinsa.

"Wato ni na ɓata mata huska," in ji Inna.

"Ban ce haka ba, Inna."

"Kin ce. Febi, cika mata bidonta, rana na yi."

Haka Febi ta samu magani mafi arha da aka taɓa gaya mata, kuma shi ya fi duk sauran wuya. Toka da lemo ba su ɓata wa kowa rai ba. Amma wanke hannu a gaban Inna daidai yake da ce mata hannunki ne, shekara ashirin da ɗaya hannunki ne. Ita kanta ba ta taɓa ɗaukar shafar nan a matsayin shafa mai ba. A duniya Inna ce kaɗai ke taɓa wannan fuskar ba ta yamutsa tata ba, kuma Febi ba ta san yadda ake cewa uwa ta daina hakan ba.

Sai ta yi abin da matsorata ke yi. Ta ɓoye guntun sabulu a ƙarƙashin rumbun Inna. Da ta gama matsa sai ta ɗauki buta kamar za ta zagaya, ta je bayan rumbun ta wanke hannu. Ba ta ma sha wahalar ɓuyan ba, domin tun ranar da Madam ta zo Inna ta bar zama a bakin turmi. Ta koma ɗaki. Ba sheƙe, ba mulmula, ba umarni. Febi ta riƙa juyawa ita kaɗai, ta mulmula ita kaɗai, ƙuli yana ƙonewa a kasko tana can tana kwashe mai. Wata rana da yunwa ta kama ta ta gutsiri ɗaya, karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya, sai ta tofar. Gishiri ne kamar an yi wa raƙumi. Da yamma ta tambayi Barnaba, ya ce shi haka yake so.

Kirsimeti ta zo ta wuce, ba ta kife turmin ba. Ta ce wa Barnaba a ƙara mata wata guda, sannan ta ƙara wa kanta wani. Sababbin ƙurajen suka fara zuwa ɗaɗɗaya, galibi gab da al'ada, su tafi ba su daɗe ba. Tabon da ta yi wa kanta yana nan, maiƙon Zakariya ma yana nan. Amma ta tura kallabi baya, ta ɗago kai a kasuwa, kuma addu'ar A'i ta yi sanyi sosai. Matan zumunta suka ce ai dama su sun faɗa, ko da yake ba su yarda da juna a kan me suka faɗa ba.

Duk da haka Febi ba ta ga yadda za ta ci gaba ba. Aikin na mutum biyu ne, kuma ta fara gane cewa ba turmin take zuwa wa ba kowace safiya. Takan gaida Inna daga bakin ƙofa, a amsa mata da kalma biyu. Ta ce a ranta, in zafi ya shigo Inna ba ta fito ba, za ta kife turmin, ko fuska ta gyaru ko ba ta gyaru ba.

Wata Talata ta gama matsa ta nufi bayan rumbu, ta lalubi sabulun, babu. Ta dawo hannuwa a sama suna ɗiga. Inna na zaune a wurinta na da, kusa da turmi, buta a gabanta, sabulun a kan faifai.

"Tururuwa sun cika bayan rumbuna saboda maiƙonki," in ji Inna. "Gero za su shiga. Zo nan ki durƙusa."

Febi ta durƙusa. Inna ta miƙa mata sabulun, ta ɗaga butar da hannu biyu tana zuba mata ruwa. Man ya bi kumfa ya sauka, ƙasa ta shanye, Inna tana kallo ba ta ɗauke ido ba har ya ƙare.

"Da uwata ta ga wanga, da na sha zagi."

Sannan ta karɓi sabulun ta wanke nata hannun, sau biyu, har tsakanin yatsu. Ta kai hannu za ta goge da zane, ta tuna zanen ma mai ne, ta fasa, ta riƙe su a iska sai da suka bushe. Ta kama fuskar Febi. Tafukan a bushe suke, kaushinsu har yana kartar kumatu. Ta bi goshi, ta bi haɓa, ta tsaya a kan tabon, ɗaya bayan ɗaya.

"Ban sani ba, Febi," ta ce. "Da na sani da ban yi ba."

Febi ta fashe da kuka. Inna ta bar hannunta a wurin har ta lafa, ta ce Ubangiji ya sa albarka, sannan ta jawo kwanon tunkuza gabanta ta fara mulmulawa.

"Tashi, itace na ci banza," in ji ta. "Kuma ki miƙo mini gishirin, daga yau ni ka sawa."